Mai Tuta Ya Wuce Ni a Kilomita na 17

Ƙarfe uku da rabi na dare na farka, alhali sai huɗu agogo zai kaɗa. Dama barcin ba na kirki ba ne. Tun da na kwanta nake juyi, da na lumshe ido sai in ga na makara an rufe ƙofar shiga, ko in ga na iso babu lamba a ƙirjina. Kayana suna jere a kan kujera tun daren jiya kamar na yaron da zai fara makaranta: riga, gajeren wando, safa, kambas, fil huɗu na maƙala lamba, basilin, da fakiti biyu na wani abu mai kauri da zaƙi da masu gudu ke tsotsa a hanya, wanda suke kira jel. Na zauna a bakin gado ina kallonsu, cikina yana kaɗawa.

Shekaruna 38, kuma tun da na bar sakandare ban sake yin gudun da ya wuce na tsere wa ruwan sama ba. Aikina na zaman kujera ne. Wani abokin aikina ne ya ɗora ni a kan wannan hanya, ya ce mu yi rajistar rabin maraton da ake yi a birnin duk shekara, wato rabin abin da muke kira gudun yada ƙanin wani. Na ce masa to, don ban san abin da nake amsawa ba. Muka cike fom a intanet, aka zo inda ake tambayar lokacin da mutum yake sa ran gamawa, na leƙa na ga ya rubuta awa 2 da minti 15, ni ma na rubuta haka. Mako biyar da fara atisaye ya ce aiki ya yi masa yawa. Aka bar ni daga ni sai rasit.

Tsawon tseren kilomita 21 ne da mita 97 da rabi. Wannan 'yar wutsiya ta ba ni mamaki har sai da na bi asalinta. Cikakken maraton kilomita 42 ne da mita 195, tsawon da aka yi a gasar Olamfik ta Landan a 1908, inda aka tashi daga fadar Windsor aka ƙare a filin wasa na White City, mil 26 da yadi 385. A 1921 aka tsayar da shi a matsayin ma'auni, rabin kuma ya gaji nasa kason na wutsiyar. Lokacin da na karanta dariya na yi, na ce mita 97 ai tsakanin ƙofar gida da bakin titi ne.

Mako 14 na yi ina shiri, sau huɗu a mako. Uku gajeru ne, kilomita 5 zuwa 8, ɗaya kuma dogo ranar hutu, ina ƙara masa kilomita ɗaya ko biyu duk mako. Ƙa'idar da kowane mai koyarwa ke nanatawa ita ce a yi yawancin gudun a hankali, yadda za ka iya hira da na gefenka ba tare da haki ya katse maka magana ba. Ita ta fi ba ni wuya, kuma ba don jiki ba, don kunya. Sai in ji kamar duk mai wucewa yana cewa a ransa, wannan gudu yake ko tafiya? Sai in ƙara wuta. A mako na huɗu ƙwaurina na dama ya ba ni amsa: ciwo ya kama gefen ƙashin ta ciki, in na danna da yatsa sai na ɗaga ƙafa. Kwana goma na yi ban fita ba, na sauya takalmi, na dawo da ladabi. Gudu mafi tsawo da na yi kilomita 18 ne, saura mako uku, na gama shi cikin awa biyu cif. Daga nan na riƙa ragewa don jiki ya farfaɗo, kamar yadda tsarin ya ce, ko da yake zuciya tana ta raya min cewa duk abin da na tara yana zubewa.

Duk wannan ni kaɗai na yi shi, da sassafe, titi babu kowa sai masu shara. Na koyi numfashina, na koyi takuna, na san yadda minti 6 da daƙiƙa 24 a kilomita yake a jiki, don shi ne takun da ke kai mutum layi a awa 2 da minti 15. Gudu a tsakiyar dubban mutane ne ban taɓa yi ba ko sau ɗaya, kuma bai zo min a rai cewa shi ma abin koyo ba ne.

Ana jibi tsere na je karɓar lamba. A bayan takardar akwai wani ɗan siririn abu da aka manna, shi ne na'urar da ke riƙe lokacinka: duk inda ka taka shimfiɗar roba da aka gindaya a titi, sai ta sanar cewa ka wuce. Matar da ta miƙo min ta ce kada in naɗe ta, kada in rufe ta da wata riga. Aka ba ni riga sabuwa ta tseren, na ɗaga ina yabawa, na ce ita zan sa jibi.

"Ka taɓa gudu da ita, Malam?"

Na ce yanzu fa kika ba ni.

"To ajiye ta sai ka gama. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Gaskiyarta. Sabuwar riga ko sabon takalmi ba a san inda za su goge fata ba sai an yi awa guda ana zufa a cikinsu. Na ji maganarta a kan riga. Da ma ta yi min irinta a kan taku.

Ranar tseren na isa wurin da sauran duhu. Ban taɓa ganin birnin a haka ba. Manyan titunan da na saba zama a kansu cikin cunkoso an tare su da shinge, babu mota ko ɗaya, sai mutane ta ko'ina suna ɓullowa daga lunguna da lambobi a ƙirji, wasu na miƙa, wasu na tsalle a wuri ɗaya don sanyi. Layin banɗaki ya fi kowane layi tsawo. Na yi minti ashirin a kai, na fito na ji kamar in koma. Daga baya na gane tsoro ne kawai, kuma rabin mutanen layin abin da ke damunsu ke nan. Na miƙa jakata a tanti, na shafa basilin a cinyoyi da hammata da kan nono, na shiga rukunina. An raba mu rukuni-rukuni bisa lokacin da kowa ya rubuta a fom, masu sauri a gaba. A tsakiyar namu akwai wani mutum siriri da tuta a ɗaure a bayansa an rubuta 2:15. Aikinsa shi ne ya riƙe taku ɗaya daga farko har ƙarshe, duk mai son wannan lokacin ya bi shi. Na je na tsaya dab da shi, na ce a raina yau ni da kai ne.

Aka buga bindigar tashi, muka ji ta daga nesa, amma ko motsi ba mu yi ba. Sai can aka fara ja da ƙafa, a tsaya, a sake ja. Minti 11 muka ɗauka kafin mu iso layin farawa. Wannan ba asara ba ce, don lokacinka yana fara ƙirguwa ne daga sanda ka taka shimfiɗar, ba daga ƙarar bindiga ba. Na san haka sarai, na karanta, amma jikina bai yarda ba. Ji nake an tafi an bar ni. Ina taka robar nan, na danna agogo, titi ya ɗan buɗe, sai na ji ƙafafuna sun ɗauke ni.

Yana da wuya in kwatanta wa wanda bai shiga ba. Kiɗa na tashi daga lasifika, mutane sun cika gefen titi suna ihu, gabanka kawuna ne suna hawa da sauka har iya ganinka, kuma jikin da ya huta mako uku ba ya jin nauyin komai. Fitilun kan titi suna ta aikinsu, ja ta kama, kore ta kama, babu mai kallonsu. Na keta jar fitila a tsakiyar babban shataletale da ƙafa ina dariya ni kaɗai. Na fara kutsawa tsakanin mutane, in zagaye wannan ta dama, in zagaye wancan ta hagu. Agogon hannuna, mai auna nisa ta tauraron ɗan Adam, ya yi ƙara a kilomita na farko: 5:38, wato minti 5 da daƙiƙa 38. Na gani da idona. Na ce bari in rage a na biyu. Na biyu ya zo 5:42. Na waiwaya, tutar 2:15 tana can baya, 'yar ƙarama. Maimakon in tsorata sai na ji daɗi, na fara lissafin banza: in na tara minti uku yanzu, ai ajiya ce da zan ci a ƙarshe.

Wajen kilomita na 4 hanyar ta haɗu da ta masu dawowa, shinge ne kawai a tsakani. Sai ga babura da mota mai ɗauke da babban agogo, a bayansu 'yan gaba su biyar ko shida a dunƙule. Ba su yi kama da masu wahala ba. Ƙafa tana taɓa kwalta tana tashi ba ƙara, fuska a sake, kafaɗa ba ta motsi. Kafin in gama kallo sun ɓace. Muka tafa musu muna gudu, kuma na lura duk wanda ke kusa da ni ya ƙara sauri bai sani ba, har da ni.

Na wuce kilomita 5 a minti 28 da daƙiƙa 45. Tsarina ya ce 32.

Wurin shan ruwa na farko ya koya min cewa ba a haɗa gudu da susar baya. Tebura ne a jere, 'yan sa-kai sun miƙo kofunan takarda, kowa ya afka wa tebur na farko, ƙasa ta jiƙe ta cika da kofuna tana santsi. Na fizgi kofi na kai baki ina gudu, rabi ya shiga hanci, rabi ya bi riga, na yi ta tari har mita ɗari. A na gaba na kalli wata mata da ke gabana: ta wuce teburan farko ta ɗauka a na ƙarshe inda babu turereniya, ta matse bakin kofin ya zama kamar mazurari, ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Na kwaikwaye ta, ya yi. Ban sha da yawa ba, don an gargaɗe mu cewa ɗura ruwa fiye da kima yana tsarma gishirin jini, kuma wannan ya fi ƙishirwa haɗari.

Na taka shimfiɗar kilomita 10 a minti 59 da daƙiƙa 30, lokacin da ban taɓa yi ba ko a atisaye. Na tuna cewa Jacob Kiplimo na Uganda ya gama duka kilomita 21 ɗin a Lisbon a 2021 cikin minti 57 da daƙiƙa 31, wato da tare muka tashi, da yanzu ya yi minti biyu yana hutawa ni ko rabi ban kai ba. Letesenbet Gidey ta Habasha kuma, da ta yi awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 52 a Valencia a shekarar, da tana dab da layi. Tunanin ya ba ni dariya, har lokacin ina da ƙarfin dariya. Amma na fara jin wani abu: numfashin da ya kamata ya zama na hira ya koma na haki, kuma ba ni nake wuce mutane ba, tare muke tafiya.

Jel ɗina yana aljihu ban taɓa shi ba. Niyyata in sha na farko a minti na 45, amma a minti na 45 ina jin kaina kamar doki, na ce me zan yi da shi. Wauta ce ta biyu, kuma 'yar uwar ta farko ce. Jiki yana ajiye suga a tsoka da hanta, ajiyar da ke ɗaukar mutum kusan awa ɗaya da rabi in yana gudu da ƙarfi. In kana tafiya a hankali, jiki yana haɗawa da kitse, sugan ya daɗe. In ka matsa, sugan yake ƙonawa kai tsaye. Shi ya sa ake cewa mai dogon gudu ya riƙa shigar da giram 30 zuwa 60 na suga a kowace awa tun kafin ya ji bukata. Ni kuwa na buɗe famfo gaba ɗaya, kuma ban zuba komai a tanki ba.

A kilomita na 12 muka shiga wata hanyar ƙarƙashin ƙasa. Nan ne wurin da ya fi zauna min a rai cikin tseren duka. Ihun 'yan kallo ya yanke kamar an rufe ƙofa. Babu kiɗa, babu mai magana, sai ƙarar ƙafafu ɗaruruwa a kan kwalta tana dawowa daga bango, da numfashi, kamar ruwan sama a kan rufi. Iska ta yi ɗumi da warin zufa. Agogona ya rasa tauraron ɗan Adam ya haukace, ya ce ina yin minti 3 a kilomita, can ya ce 11. Wani ya yi kuwwa don ya ji amsa, mutane suka amsa masa gaba ɗaya. Muka fito cikin rana, kuma a 'yar hawan fitowar nan na fara jin cinyoyina sun yi nauyi.

Ƙanwata ta ce za ta tsaya a kilomita na 15. Tun daga na 13 nake rayuwa don wannan wurin. Na hango ta ta hau kan dakalin shinge tana ɗaga hannu biyu.

"Yaya! Yaya! Saura kaɗan! Saura shida kawai!"

Na gyara fuska, na miƙe ƙirji, na ɗaga mata hannu kamar ba abin da ke damuna. Daga baya ta nuna min hoton: bakina a buɗe, gishiri ya yi fari a gefen kunnuwana, kafaɗuna sun haɗe da wuya. Agogo ya ce awa 1 da minti 33. Har yanzu ina gaban tsarina da minti uku. Ina shan kwana ta ɓace, sai ga gada.

A taswira na gan ta, ban ɗauke ta komai ba, don a mota ba a jin gada tana da hawa. Da ƙafa, bayan kilomita 15, tudu ce mai tsawo da ba a ganin ƙarshenta. Wajen tsakiyar hawan abin ya same ni. Ba ciwo ba ne, da ciwo ne da na san yadda zan yi da shi. Kamar an zare filogi ne. Ina ba ƙafa umarni tana amsawa a makare, hannuwa sun yi sanyi duk da rana, kaina ya yi fayau, wata irin yunwa da baƙin rai suka taso tare. Na ciro jel na yage da haƙori na tsotsa, ya manne min a baki babu ruwan kora shi. Ko da ya shiga, sai ya ɗauki mintuna kafin ya kai jini. Na kira 'yan kwana-kwana bayan gida ya cinye. Kilomita na 16 ya zo a 7:30. Sannan na yi abin da na rantse ba zan yi ba: na tsaya da gudu na fara tafiya.

Ina cikin tafiyar nan, kusa da allon kilomita 17, na ji taku mai yawa a bayana, a tare kamar na sojoji. Mai tuta ne da jama'arsa, su kusan talatin. Yana magana da su cikin natsuwa, yana cewa a saki kafaɗa, akwai ruwa a gaba. Rigarsa ko jiƙewa sosai ba ta yi ba. Takunsa shi ne dai wanda na raina a kilomita na farko, bai ƙara ba bai rage ba. Na yunƙura na bi su, na riƙe mita ɗari biyu, sai dambubuna na hagu ya ɗaure tamau kamar an sa dutse a ciki. Na dafe shinge na kalli tutar tana tafiya, tana ƙanƙancewa, a gabana wannan karon.

Wani ɗan agaji ya zo da gudu ya tambaye ni ko ina jin jiri ko ciwon ƙirji. Na ce a'a, ƙafa ce. Ya sa na dafa shingen na miƙe ƙafar a baya, dunduniya a ƙasa, na riƙe har jijiyar ta saki. Ya ce in jiri ya zo in zauna, kada in yi gardama da shi. A gefe akwai wani saurayi a kwance an ɗaga masa ƙafafu, ga motar asibiti a buɗe. Na gode masa na ci gaba da ɗingishi. Kilomita na 18 ya ci minti 9 da daƙiƙa 20, kuma daga nan duk taku ɗaya sabuwar ƙasa ce, ban taɓa wuce 18 ba a rayuwata.

A nan wani dattijo ya iso ni. Zai yi shekara 65 ko fiye, furfura fat, gajeren taku kamar mai sassarfa zuwa wani wuri kusa. Na tuna shi, na wuce shi tun a kilomita na 2, har na ji tausayinsa. Ya dube ni bai tsaya ba.

"Ɗana, kada ka tsaya. Ka ga sandar fitila ta uku can? Mu je can kawai."

Na ce, "Baba, ƙafar ta ƙi."

"Ba ta ƙi ba, fushi take. Taka a hankali."

Muka je sanda ta uku. Ya ce to, mu yi tafiya zuwa ta gaba. Muka yi. Ya ce sai uku kuma. Haka muka riƙa yi, gudu sanda uku, tafiya sanda ɗaya, ba ya cewa komai sai ƙirga. Ban san ko don ni ya sauya takunsa ba ko dama tsarinsa ke nan. Ban tambaya ba, babu numfashin tambaya. A wurin ruwa na ƙarshe na sha kofi biyu a tsaye, na kora jel na biyu, na zuba ɗaya a ka. Wani mutum ya wuce mu da farar riga sabuwa fil, layi biyu na jini sun gangaro daga ƙirjinsa inda rigar ta goge kan nono. Na tuna matar da ta ba ni lamba.

Da muka taka allon kilomita 20 na duba agogo: awa 2, minti 15, daƙiƙa 30. A daidai wannan lokacin mai tuta yana can yana karɓar gaisuwa. Abin mamaki ban ji zafi ba, sai ma wani sauƙi, kamar an sauke min kaya. Sugan ya fara aiki, jama'a sun sake cika gefen titi, wasu yara sun miƙo tafin hannu ana tafa musu. Dattijon ya ce, "Yanzu ba sauran sanda, tafi." Na tafi. Ban sake ganinsa ba, kuma ko lambarsa ban riƙe ba.

Na hango wata babbar ƙofar balan-balan a gaba na zuba duk abin da ya rage, na iso na tarar ta masu talla ce. Hangen Dala ba shiga birni ba. Layin yana bayan wata kwana. Sai ga allon 21, kuma daga nan ne mita 97 da rabin nan suka fara. Na ƙirga su kusan ɗaya bayan ɗaya. Dambubun yana barazanar sake ɗaurewa a kowane taku, ina lallashinsa, ina jin muryar mai lasifika tana kiran sunayen mutane, ina ganin shimfiɗar roba tana matsowa a hankali kamar ana jan ta baya. Babban agogon da ke sama ya nuna 2:34. Na taka, na danna nawa: 2:23:10.

Na yi zaton zan yi ihu ko in ɗaga hannu. Dafe gwiwoyi na yi ina kallon kwalta, wata mata tana cewa in ci gaba da tafiya kada in tsaya a layi. Wata yarinya ta rataya min lambar yabo, ta fi nauyin da na zata. Aka miƙo min ruwa da ayaba, na zauna a gefen titi na kasa ɓare ta, yatsuna suna rawa, sai da na gefena ya ɓare min.

A layin karɓar jaka aka yi ta gardama, don agogon kowa ya nuna fiye da 21.1. Nawa 21.4 ya ce. Wani yana ta faɗa wai an cuce mu, hanyar ta yi tsawo. Wani da ya daɗe a harkar ya yi masa bayani: ana auna hanya ne da keke mai ɗauke da ɗan ma'aunin da ake kira Jones, a bi layi mafi gajarta da mutum zai iya bi, ana yanke kowace kwana ta ciki, sannan a ƙara mita ɗaya a kowane kilomita don kada ta gaza. Duk wanda ya buɗe a kwana ko ya yi ta zagaye mutane, ya ƙara wa kansa tafiya, ga dogayen gine-gine da ke rikita agogo. Na yi shiru, ina tuna kutse-kutsen da na yi a kilomita uku na farko.

Da yamma sakamako ya shigo waya, an raba shi kashi-kashi. Kilomita biyar na farko, 28:45. Daga 15 zuwa 20, 42:30. Minti uku da 'yan kai na tara da safe, na biya fiye da goma a bayan gada.

Washegari lafiya lau na tashi, har na yi mamaki. Rana ta biyu ce ta zo da lissafi. Hawa matakala da sauƙi, sauka ce bala'i, don a sauka ne tsokar cinya ke riƙe nauyin jiki tana miƙewa. Sai da na juya baya na riƙa sauka da baya-baya ina riƙe da ƙarfe, ƙanwata tana ɗauka a waya tana dariya har da hawaye. Farcen yatsan ƙafata na biyu ya yi baƙi, bayan mako shida ya faɗi. A ofis abokin nan nawa ya ɗauki lambar yabon yana juya ta, ya tambaye ni lokacin da na yi. Na faɗa masa. Ya ce, "Ai mun rubuta 2:15." Na karɓi abata na mayar cikin aljihu.